Sadakarmu Ta San Watan Azumi, Ba Ta San Sunan Yaro Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yan'uwa masallata da ɗalibanmu na makaranta, yau gyara muka zo yi, kuma da kanmu za mu fara, domin abin da za mu soka a nan da hannunmu a cikinsa dumu-dumu.

Kowa ya san yadda abin yake gudana. Goman ƙarshe na Azumi ya kama, sai a yi sanarwa bayan Asham cewa za a kai wa marayu kayan Salla. A zagaya da akwati, masu MoMo su tura nasu. A sayi buhunan shinkafa, galan-galan na mai, katan ɗin sabulu, yadi da atamfa. A ɗauki mota a kai. A jera yaran, a jera kayan a gabansu, a ɗauki hoto. Kafin La'asar hoton ya gama zagaye wayoyin Zango, daga Aboabo da Sawaba har wajen 'yan'uwanmu da ke Jamus da Amurka. Kowa ya ce masha Allah. Shi ke nan, sai kuma baɗi.

Kwanan baya a darasin Risala na bayan Magariba, da muka kai babin zakka, sai muka tambayi ɗalibai: wa zai faɗa mana sunan ƙungiya ɗaya da ke kula da yara marasa gata a Kumasi? Aka yi tsit. Can wani ya ce, "Gidan marayu, Malam." Muka ce wanne? Ya sunkuyar da kai. Muka juya wajen dattawan da ke jingine da bango suna jan carbi, su ma sai murmushi. Sai muka sake wata tambaya: cikin yaran da muka kai wa kaya bara, wa ya riƙe sunan ko da mutum ɗaya? Aji nawa yake yanzu? Yana nan ma ko ba ya nan? Wannan tambayar kam mu da muka yi ta ba mu da amsarta.

Ba rowa ce matsalarmu ba

Adalci shi ne a fara da yabo inda ya cancanta. Mutanen Zango ba marowata ba ne. An gina unguwannin nan ne a kan karɓar baƙo: fatake da 'yan goro da 'yan ci-rani suna sauka gidan maigida, a ba su ɗaki da tuwo kafin a tambaye su me ya kawo su. Riƙon yara ma tsohuwar al'adarmu ce. Wata mai bincike 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a Zangon Kumasi, ta yi rubutu a kan yadda yara ke tashi a hannun gwaggo ko kaka ko malami, kuma littafinta a kan mutanen Zango ya fito a 1978. Har gobe idan aka yi rasuwa, kafin addu'ar bakwai an san wanda zai ɗauki wane yaro.

To, tunda hannu yana bayarwa, ina matsalar take? Matsalar ita ce sadakarmu tana da lokaci amma ba ta da bibiya. Muna bayarwa don mu sami lada, kuma neman lada ba laifi ba ne, amma sau da yawa daga nan tunanin ke tsayawa. Ko abin da muka bayar ya sauya rayuwar yaron ko bai sauya ba, wannan ba ma komawa mu duba. Akwai kura-kurai uku a cikin wannan hali, kuma za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: mun mai da kalmar maraya ƙofa mai kwaɗo

Ka ce "maraya" a masallaci, aljihu ya buɗe. Ka ce "yaron da ubansa ke nan amma ba ya iya ciyar da shi", sai a ce ai da ubansa. Ɗalibai, ku tuna abin da muka karanta. A fiƙihu, maraya shi ne wanda mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga. Kuma idan kuka duba aya ta 60 ta Suratut Tauba, inda aka lissafa mutum takwas da ake ba zakka, ba za ku ga maraya a matsayin kashi na daban ba. Faƙirai da miskinai ne aka fara ambata. Maraya yana cin zakka ne saboda talaucinsa. Marayan da aka bar wa dukiya ba a ba shi, sai dai a tsare masa dukiyarsa. Wato abin da shari'a ta sa ido a kai a babin zakka shi ne buƙata.

Wannan ba rage darajar kula da maraya ba ne. Kowa ya san albishir ɗin da Annabi (SAW) ya yi wa mai ɗaukar nauyin maraya na kusanci da shi a Aljanna. Abin da muke cewa shi ne, yunwa ba ta tambayar takardar mutuwar uba. A shekarar 2020 Hukumar Tsara Cigaban Ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta Gana tare da UNICEF suka fitar da rahoto a kan talaucin yara. Sun sami kashi 73.4 cikin 100 na yaran ƙasar nan suna fama da rashi ta fuskoki da dama a lokaci guda, kamar abinci mai gina jiki, lafiya, karatu, tsafta da wurin kwana. Kusan yara uku ke nan cikin huɗu. Ba mai hankalin da zai ce duk waɗannan marayu ne. Akwai ɗan da ubansa ya tafi Libiya shekara da shekaru ba labari. Akwai wanda aka saki uwarsa aka bar mata yara huɗu da tiren ƙosai. Akwai wanda ubansa ke kwance ciwo ya cinye jarin. Duk waɗannan suna bayan masallacinmu, amma motar kayan Salla wuce su take yi.

Na biyu: ɗan wa ne?

Muna yawan cewa ɗa na kowa ne. Mu gwada maganar a Kejetia. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku ta biyo Hajiya da kwano a kai, an lafta mata doya da galan ɗin mai, ta kai har tashar mota, sannan a tsaya ana ciniki da ita a kan sidi ɗaya. Waɗannan kayayei mafi yawansu daga Arewa suke zuwa, da yawansu Musulmi ne irinmu, rabin sunan da ake kiransu da shi ma, wato kaya, Hausarmu ce. Amma sai mu ce 'yan Dagomba ne, ko 'yan Mamprusi, kamar wannan ya sauke mana nauyi. Dokar Yara ta 1998, wato Doka ta 560, ta sa ɗaukar kaya masu nauyi cikin ayyuka masu haɗari waɗanda ba a yarda wanda bai kai shekara 18 ya yi ba. Ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar yaro aiki, 13 don aiki mai sauƙi, ta kuma hana sa yaro aikin dare daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Mu nawa muka san wannan? Mu nawa muka taɓa tambayar yarinyar da ta ɗaukar mana kaya inda take kwana?

Haka yaran da ke bara a mahaɗar tituna, waɗanda muke kira Buzaye mu ɗaga gilashi. A watan Mayu na 2025 Hukumar Shige da Fice ta kama mabarata fiye da 2,000 a Akra, fiye da rabinsu yara, mafi yawansu 'yan Nijar, aka mayar da su ƙasashensu. An yi ta muhawara a kai a majalisun shayi: wasu suka ce an tsabtace gari, wasu suka ce an ci zarafin baƙi. Kaɗan ne suka tambaya su waye manyan da ke tura yaran cikin motoci, kuma me ya sa sana'ar ke ci. Tana ci ne saboda mu. Tsabar da muke miƙa wa ƙaramin yaro ranar Juma'a, sau da yawa hannun babban da ke zaune a inuwa take komawa, kuma ita ce dalilin da zai sa gobe a sake turo yaron.

Kada mu yi nisa ma, mu leƙa cikin gidajenmu. Riƙon da muka yaba ɗazu, a wasu gidaje ya koma bauta da sabon suna. Ɗan gida ya sa kayan makaranta ya tafi boko, ɗan riƙo ya ɗauki ruwan leda ko tiren wace ya nufi bakin titi. Da yamma ɗan gida ya zo makarantar allo da kuɗin Laraba, 'yar riƙo tana gida tana wanke-wanke. Mai gidan kuwa yana sahun gaba, kuma shi ne ya fi kowa ba da gudummawar marayu. Wallahi wannan abin kunya ne, kuma duk mun san gidajen.

Idan yaron nan ya girma ba karatu ba sana'a, ya koma zaman majalisar ataya, ko yawon tsintar ƙarafa, ko 'yan siyasa suka ɗauke shi haya lokacin zaɓe, sai mu ce ɗan iska ne, ya ɓata sunan Zango. Ba sabon ciwo ba ne wannan raini. Alhaji Umaru na Karaci, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Karaci a 1934, ya yi waƙa sukutum a kan talauci da wadata, yana nuna yadda mutane ke wulaƙanta matalauci su girmama mai kuɗi. Shekara casa'in bayan rasuwarsa, da zai dawo ya zagaya Zango, ba sai ya sauya komai a cikinta ba.

Na uku: ba mu san ƙofofin ba, ba ma kuma tambayar lissafi

Shirun da ɗalibai suka yi ba laifinsu ba ne. Ba a taɓa koya musu ba. Bari mu ambaci kaɗan daga abin da ke akwai. A nan Kumasi akwai Gidan Yara na gwamnati da ke ƙarƙashin Sashen Jin Daɗin Jama'a. A Asokore Mampong, maƙwabtanmu, akwai ƙauyen yara na SOS. Cikin na Musulmi akwai Asusun Zakka da Sadaka na Gana, wanda 'yan majalisa Musulmi suka kafa a 2010, yana tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi. Akwai ICODEHS ta Shehu Mustafa Ibrahim, wadda ta daɗe tana ɗaukar nauyin marayu. Akwai SONSETFUND, asusun ilimi mai ɗauke da sunan Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu.

Ta ɓangaren hukuma kuma, tun 2008 akwai shirin LEAP da ke ba gidaje mafi talauci kuɗi duk wata biyu, ciki har da masu riƙon marayu da yara marasa gata, kodayake jami'ai ne ke tantance wanda zai shiga. Tun 2005 ake ciyar da yara a makarantun firamare na gwamnati da aka zaɓa. Tun Satumbar 2017 sakandare kyauta ce. Yaron da bai kai shekara 18 ba an ɗauke masa kuɗin inshorar lafiya na shekara, sai ɗan abin rajista. Takardar haihuwa kyauta ce idan aka yi ta kafin jariri ya cika shekara ɗaya. Amma sai ka ga uwa ta kwana da yaro mai zazzaɓi tana ba shi jiƙo, don katinsa ya mutu ba ta san yadda ake sabunta shi ba. A nan jahilcinmu ya fi talaucinta cutar da yaron.

Sanin ƙungiya kuma bai isa ba sai an bi ta da tambaya. A 2010 ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya shiga Gidan Yara na Osu a Akra a ɓoye, ya fito da hotunan sakaci da cin zarafin yara da karkatar da kayan da jama'a suka kai. Ƙasa ta girgiza. Darasin da ke ciki gare mu shi ne: buhun shinkafa da ka sauke a bakin ƙofa ba shaida ba ne cewa ya shiga cikin yaro. Kuma hukuma kanta tun 2007 ta kama hanyar rage tara yara a gidajen marayu, bayan an gano cewa da yawansu suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su can. Abin da ya fi wa yaro shi ne a tallafi gidan da yake ciki. Wannan ai shi ne riƙon da kakanninmu suka sani, idan aka yi shi da tsoron Allah.

Sai maganar hoto. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta gargaɗe mu kada mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa. Yaro ɗan shekara goma da aka tsayar riƙe da ledar shinkafa, washegari abokansa suka gan shi a wayar yayansu, ba a cuce shi ba? Wa ya nemi izininsa? Da ɗanka ne, za ka yarda?

Abin da za a ce mana

Wani zai ce: Malam, arziki da talauci na Allah ne. Haka ne. Amma Sayyidina Umar (RA) ya fi mu sanin ƙaddara. An ruwaito cewa ya ji kukan jariri da dare, ya bincika ya gano uwar na gaggawar yaye shi ne don sai yayayyen yaro ake yanka wa kaso a baitulmali. Bai ce ƙaddara ba ce. Ya zargi kansa, ya sauya dokar, aka koma ba kowane jariri tun daga haihuwa.

Wani zai ce: sadakar ɓoye ta fi, rubuce-rubuce riya ce. Mu ɓoye sunan mai bayarwa, mu ɓoye fuskar mai karɓa, amma kuɗin jama'a ba a ɓoye lissafinsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma a farkon Suratun Nisa'i an umarci mai riƙon dukiyar maraya ya kafa shaidu ranar da zai miƙa ta.

Wani zai ce: wasu ƙungiyoyin ba na Musulmi ba ne, muna tsoron addinin yaranmu. Damuwa ce mai tushe. Sai dai wanda ya bar yaro a titi ba shi da bakin zargin wanda ya ɗauke shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani kuma zai ce: aikin gwamnati ne. Lalle akwai nata kason, kuma Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, a 1990. A 2017 an yi dokar Asusun Raya Zango. Haƙƙinmu ne mu tambayi 'yan majalisarmu me yaran Zango suka samu. Amma da me za mu tambaya idan mu kanmu ba mu san yara nawa ne ba sa zuwa makaranta a layinmu?

Abin da muke ba da shawara

Suratul Ma'un ba ta tsaya ga wanda ke korar maraya ba. Ta haɗa da wanda ba ya kwaɗaitar da mutane ga ciyar da miskini. Ke nan wanda ba shi da ko pesewa ma yana da aiki: ya sani, ya sanar, ya tunatar. A kan haka muke kawo waɗannan shawarwari ga kwamitin masallaci.

Ɗaya, a buɗe littafi na sirri a hannun Liman da iyaye mata biyu amintattu, domin mata sun fi mu sanin tukunyar da ba a ɗora ba. A rubuta duk yaron da ke cikin buƙata a gidajen da ke jin kiran sallarmu, maraya ne ko ba maraya ba, Bahaushe ne ko Badagombe ko Bamoshe ko Bature. Malamanmu na Malikiyya sun ce zakka a inda ta wajaba ake raba ta, sai in akwai waɗanda suka fi buƙata a wani wuri.

Biyu, a mai da tarin shekara-shekara na wata-wata, kamar yadda muke zubin susu. Wanda ke iya sayen yayi a kowane aure yana iya ware sidi goma a wata. A fara da abu uku ga kowane yaro: takardar haihuwa, katin inshora mai rai, da kujera a makaranta, ta boko da ta allo.

Uku, a gayyato jami'in jin daɗin jama'a na Asokore Mampong da wakilin ɗaya daga asusun Musulmi su yi mana bayani bayan sallar Juma'a, a fassara da Hausa da Dagbani.

Huɗu, kafin mu kai ko sisi wani gida ko ƙungiya, mu tambaya: kuna da lasisin Sashen Jin Daɗin Jama'a? Yara nawa ke hannunku? Za mu iya dawowa ba sanarwa? Mu ma a karanta lissafinmu a masallaci duk wata uku, kuma a daina ɗaukar fuskar yara.

Biyar, ku ɗalibai, ga aikinku na wannan mako. Kowa ya lura da wanda ya daina zuwa makaranta a ajinsa, ya bincika dalili cikin ladabi, ya gaya wa malaminsa a keɓe. Ba tsegumi muka aike ku ba, kuma wanda ya mai da sirrin ɗan'uwansa abin dariya ya ci amana.

Ba mu ce a daina kai kayan Salla ba. A kai, a ƙara ma. Amma idan Allah Ya kai mu Azumi mai zuwa, muka sake yin tambayar nan a darasin Magariba, muna fatan a sami wanda zai ce: na san shi, yana aji biyar, katinsa na asibiti yana aiki, jiya ma ya biya haddarsa.

Allah Ya yafe mana sakacinmu, Ya shiryi 'ya'yanmu da 'ya'yan da aka ba mu amana, Ya jiƙan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.